Za A Ɗaura Mini Na'urar Gano Ƙarya, Ga Shi Na Ɓoye Wani Abu A Fom

Assalamu alaikum Yaya. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 32, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma wata 14 ke nan ina zaman kashe wando. Kwanan nan Allah ya sa na tsallake jarrabawa da intabiyu a wani kamfani mai jigilar kuɗi tsakanin bankuna a Abuja, aikin ƙirga kuɗi da ɗaure su. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya tsaya mini garanto. Abu ɗaya ya rage: nan da mako biyu za su ɗaura mini na'urar gano ƙarya.

Ga inda gizo ke saƙar. Shekara huɗu da suka wuce ina kashiya a wani gidan mai. Mahaifiyata ta kwanta asibiti, na ɗauki naira dubu 80 daga cinikin rana da niyyar mayarwa idan an yi albashi. Kafin watan ya mutu aka zo binciken lissafi. Na amsa laifina, aka cire kuɗin daga albashina cikin wata uku, manaja ya ce in rubuta takardar ajiye aiki don a rufa mini asiri. Ban sa wannan aikin cikin tarihin ayyukana ba, kuma a fom ɗin sabon kamfanin, inda aka tambaya ko na taɓa barin aiki saboda matsalar kuɗi, na ce a'a. Kawu bai san zancen ba. Matata ta sani, ta ce in janye kawai, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wani abokina kuma ya ce in sha rabin ƙwayar barci da safe, ko in sa ƙusa a takalmi in riƙa takawa. Ga ni da hawan jini, ko likita ne ya ɗaura mini abin awo sai gabana ya faɗi. Ba na iya barci. Ina mafita?

Wani ɗan'uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanena. Da fatan jikin mahaifiya ya yi sauƙi tun tuni. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na lura ba ka nemi wanke kanka ba ko a layi ɗaya. Ba ka ce aro ka yi ba, ka ce ka ɗauka. Ni ma ba zan shafa maka mai a baki ba: hannu ka sa a kuɗin da aka ba ka amana, ko da kuwa uwa ce a gadon asibiti. Amma ka amsa, ka biya har kwabon ƙarshe, ka rasa aikinka a kai. Wannan bashin ka sauke shi. Wanda ke wuyanka yanzu sabo ne fil, kuma kai ka ɗauko shi ranar da ka rubuta "a'a" a fom. Tsoron na'ura ya rufe maka ido har ba ka ganinsa sosai, don haka bari mu fara kawar da na'urar daga gabanka.

Sunan da muke kiranta da shi ya fi ƙarfinta. Ba ta jin ƙarya, ba ta san gaskiya ba, jikinka kawai take aunawa. Za a zaunar da kai a kujera cikin ɗaki shiru, a zagaya maka wasu robobi biyu masu kama da mesa, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, su ne ke bin numfashinka. A damtse a ɗaura irin abin awon jinin da ka ce yana faɗar maka da gaba. A yatsu biyu kuma a maƙala wasu 'yan ƙarafa masu auna gumin fata, wanda kai kanka ba za ka ji ya tsatso ba. Duk wayoyin suna shiga kwamfuta, tana zana layuka masu hawa da sauka. Mutum ne zai zauna ya dubi layukan nan ya ce a nan jikinsa ya motsa, a nan bai motsa ba. Sakamakon kuma iri uku ne: an ga alamar ɓoye wani abu, ba a gani ba, ko kuma an kasa tantancewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yawancin lokacin a hira yake tafiya. Kafin a kunna komai, mai gwajin zai zauna da kai, wani lokaci har fiye da awa guda, yana tambayarka tarihinka cikin fara'a, ya karanta maka duk tambayoyin da zai yi, waɗanda ba su cika wuce goma zuwa sha biyu ba, kuma amsarsu i ko a'a ce. A ciki akwai na banza, kamar "yau Talata ce?" Akwai na ainihi, kamar "ka taɓa satar kuɗin wanda kake wa aiki?" Sai wasu masu faɗi da aka saka da gangan don su dami kowane ɗan Adam, irin "ka taɓa yi wa wanda ya yarda da kai ƙarya?" Dabarar ita ce a kwatanta yadda jikinka ya yi a tambayar ainihi da yadda ya yi a waccan mai faɗin, ana maimaita jerin kamar sau uku. Shi ya sa fargabarka ta gaba ɗaya ba ita ce abin dubawa ba, kusan duk wanda ya zauna a kujerar nan gabansa faɗuwa yake yi. Bayan an cire wayoyin sai a dawo hira, kuma a nan ne ake yawan cewa, "Na ga wani abu a tambaya ta biyar, me kake son gaya mini?" Yawancin abin da kamfanoni ke samu daga gwajin nan daga bakin mutum yake fitowa a waɗannan hirarraki biyu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma masu gwajin sun san haka fiye da kowa.

A Amurka, ƙasar da aka haife ta, ma ba a gama yarda da ita ba. Wani ɗan sanda mai ilimin kimiyya, John Larson, shi ya haɗa ta a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a 1921. Shekara biyu bayan nan, a 1923, wata kotu a Washinton ta ƙi karɓar sakamakon wani gwaji ɗan uwanta, mai auna hawan jini, a matsayin shaida. A 1988 majalisar Amurka ta yi doka ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu ɗaura wa mai neman aiki ita, sai dai an ware hukumomin gwamnati, da masu harkar magungunan da doka ta ƙayyade, da kamfanonin tsaro, ciki har da masu motocin jigilar kuɗi irin wanda kake nema. Ka ga ko a can ma da ba ka tsira ba. A 2003 kuma cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar da babban rahoto, ta ce idan a kan laifi guda takamaimai ake tambaya, na'urar ta fi canki-canka nesa ba kusa ba, amma ba ta kai a ce ba ta kuskure ba, kuma wajen tace ma'aikata ta fi rauni. Har misali suka buga: a ce cikin ma'aikata 10,000 akwai maciya amana 10, idan aka saita gwajin yadda zai kama 8 daga cikinsu, to zai haɗa da mutum kusan 1,600 da ba su ji ba ba su gani ba. A ɗaya gefen kuma ga Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA da ya yi shekaru yana sayar wa Rasha sirrin ƙasarsa. Ya ci gwajin a 1986, ya sake ci a 1991, sai a 1994 aka kama shi ta wata hanyar. Hausawa na cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma wannan wuƙar takan huda mai gaskiya, ta tsallake maƙaryaci.

Na san abin da zuciyarka ta raya maka yanzu: to tunda haka ne, in rufe ido in shiga mana, wataƙila in fita lafiya. Gaskiya ne, kana iya fita lafiya. Sai dai ka tambayi kanka me ka samu. A ƙasan irin wannan fom kusan kullum akwai layin da ka sa wa hannu, cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, kuma duk ranar da aka gano akasin haka za a iya sallamarka nan take. Wannan layin ba ya tsufa. Kamfanin da ya kashe kuɗi ya ɗauko mai na'ura ba zai rasa mai bin diddigin shekarun da ka bari babu komai a tarihin aikinka ba, kuma tsakanin Kaduna da Abuja ba wata tafiya ba ce, masu gidajen mai da ma'aikatan banki kullum suna cuɗanya. Ka ɗauka ma ba wanda ya bincika. Aikin ƙirga kuɗi ne fa. Wata rana sai an samu giɓi a ɗaurin wani, ba lallai naka ba, a tara ku duka a sake bincike. Ranar da tsohon labarinka ya fito a irin wannan yanayi, ba wanda zai tsaya jin zancen asibiti. Kai ne ɓarawon, ko da ba ka taɓa ko sisi ba.

Shawarar abokinka kuwa ka bar masa kayarsa. Kujerun gwajin na yanzu akan shimfiɗa musu wani faifai mai jin motsin jiki, wasu masu gwajin ma takalmi suke sa a cire. Ƙwayar barci ga mai hawan jini ba tare da sanin likita ba ganganci ne da rai, kuma irin waɗannan kamfanoni sukan haɗa da gwajin fitsari. Ka je neman rufa asiri ka dawo da tambarin ɗan ƙwaya, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Yanzu bari mu zo kan mutumin da ya fi damuna a labarin nan, wato Kawu. Garanto ba shaidar "yaron kirki ne" kawai ba ce. Hannun da ya sa yana nufin idan kuɗi suka salwanta ta hannunka, shi za a nema, a gidansa ko a wurin aikinsa. Ya ɗauki wannan nauyi ne bisa abin da ya sani game da kai, kuma akwai abin da bai sani ba wanda yake da haƙƙin sani. Na fahimci kunyar. Amma dubi wanda za ka gaya wa: ƙanin matar da ka ɗauki kuɗin dominta. Zai yi faɗa, ƙila ma ya fi jin zafin cewa 'yar'uwarsa na kwance ka rasa dubu 80 ba ka zo wurinsa ba. Ka bar shi ya yi faɗansa, kai dai ka sunkuyar da kai. Idan ya ce ya janye hannunsa, haƙƙinsa ne, kada ka riƙe shi a zuciya. A sanina da kawunnai dai, wanda aka je har gida aka gaya wa da baki ya fi saurin tsayawa a bayan ɗa fiye da wanda ya tsinci labari a waya daga bakin baƙo.

Matarka ba ta yi laifi ba. Ita ta ga yadda ka dawo gida ranar da aka sallame ka, ita ke jin juyinka a shimfiɗa da dare, mutuncinka take karewa. Sai dai maganarta tana da tsada, wata 14 ba wasa ba ne, ita ce ma ta fi kowa sanin yadda tukunya take. Kuma janyewa ba ta goge tambayar, za ka sake haɗuwa da ita a fom na gaba da na gaban wancan. Ka zaunar da ita ka nuna mata akwai hanya ta uku tsakanin ƙarya da gudu, ka kuma ji ta bakinta kafin ka ɗaga ƙafa, domin duk abin da ya biyo baya tare za ku sha.

Kamfanin ma a yi masa adalci. Mutanen da ke loda miliyoyin jama'a a mota suna da damar sanin wanda suke miƙa wa makulli, tambayar da suka yi ba shisshigi ba ce. Ka tuna a Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon Madyana ta ce a ɗauki Annabi Musa (AS) aiki saboda ƙarfi da amana, ayar da ta zo kafin wannan ta nuna ya riga ya zauna ya ba dattijon labarin abin da ya baro a Masar, dattijon ya ce masa kada ka ji tsoro. Labarin ya riga ɗaukar aikin. Ba ina yi maka alkawarin kowane manaja dattijon Madyana ba ne, amma tsarin da nake so ka bi ke nan.

Ka fara da tsohon manajanka na gidan mai, cikin kwana biyu ko uku. Mutumin da ya zaɓi ya ce ka ajiye aiki maimakon ya kira 'yan sanda ba maƙiyinka ba ne. Ka je da kanka, kada ka yi ta waya. Ka roƙe shi takarda gajera mai ɗauke da tambarin wurin, wadda za ta ce ka yi aiki daga wata kaza zuwa wata kaza, an samu matsalar dubu 80, ka amsa da bakinka, ka biya duka, ba a bin ka komai. Idan ya ƙi rubutawa, ka tambaye shi ko zai amsa waya idan an kira shi, ka kuma nemo duk abin da ke nuna an yanki albashinka na wata ukun nan, ko da bayanan asusunka na banki ne. Daga can sai gidan Kawu, da takardar a hannu. Sai ya ji, ya kuma ce ya amince ya ci gaba da tsaya maka, sannan ka nufi kamfani.

A kamfani ka nemi ganin jami'in ɗaukar ma'aikata shi kaɗai, aƙalla kwana huɗu ko biyar kafin ranar gwaji. Kada ka jira sai an ɗaura maka wayoyi, domin gyaran da ka kawo da ƙafarka daban yake da wanda aka tatso daga bakinka. Maganar kada ta yi tsawo, kuma ban da kuka ko rantse-rantse. Abin da za ka ce bai wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, akwai amsar da na bayar a fom wadda ba daidai ba ce, na zo in gyara kafin a ci gaba. Shekara huɗu da suka wuce na ɗauki kaza a inda nake aiki, na amsa, na biya, na ajiye aikin. Tsoro ne ya sa na ɓoye. Ga takardar wurin, kuma garantona ya sani." Ka rubuta wannan a takarda, ka sa hannu da kwanan wata, ka riƙe kwafi. A nan ne kuma za ka iya cewa, idan suna ganin ɗakin kuɗi bai dace da kai yanzu ba, a shirye kake ka fara daga wani sashen, ko sito, ko rubuta shige da ficen motoci, har su gan ka da idonsu.

Idan suka ce a ci gaba da gwajin, kana da abin tambaya kai ma. Za a ba ka takardar amincewa, ka karanta ta a tsanake kafin ka sa hannu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar sanin dalilin karɓar bayananka, da wanda zai gani, da tsawon lokacin da za a ajiye su, kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ƙara tsaurarawa a kansu. Ka tambaya cikin ladabi ko sakamakon na'urar kaɗai ke yanke hukunci, da kuma ko ana ba da damar sakewa idan aka kasa tantancewa. Ko a Afirka ta Kudu, inda kamfanoni suka fi namu yawan amfani da ita, kotunan ƙwadago sun sha cewa sakamakonta shi kaɗai bai isa hujjar kama ma'aikaci da laifi ba.

Ranar kanta, ka yi barcinka, ka karya kumallo, ka sha maganin hawan jininka kamar kullum, kada ka tsallake kada ka ƙara. Ka tafi da katin asibiti da kwalin maganin, ka nuna wa mai gwajin tun a hirar farko. A hirar ne kuma za ka maimaita masa zancen gidan mai, sai ya gyara tambayar ta koma kamar "ban da abin da ka gaya mini, ka taɓa ɗaukar kuɗin wurin aiki?" Wannan kuwa tambaya ce da za ka amsa da a'a kana numfashi kamar kowa. Duk tambayar da ba ka gane ba, ka ce a sake fayyace ta kafin a kunna na'ura, ko da da Hausa kake so a yi maka bayani. Idan abin damtse ya matse ka har hannu ya fara sanyi, ka faɗa. Sannan ka riƙe wannan da kyau: idan bayan an gama aka ce an ga wani abu, kada ka ƙirƙiro wa kanka laifi don a ƙyale ka ka tafi. Ka ce abin da na faɗa shi ke nan, ba ni da ƙari. Kada kuma ka sa hannu a wata takardar da ba ka karanta ba.

Ba zan ɓoye maka ba, suna iya cewa sun gode, su ɗauki wani. Kamfanin kuɗi ne, wasu ƙa'idarsu ba ta lanƙwasuwa ko manajan ya tausaya maka. Idan haka ta faru za ka ji zafi, amma za ka fito da takardar gidan mai a aljihu, da kawun da ya san komai, da tarihin aikin da ba rami a cikinsa, ka nemi na gaba ba tare da ka sake yin wannan zullumin ba. Idan kuma ka auna ka ga ba za ka iya tsayawa gaban jami'in nan ba, ko Kawu ya janye, to shawarar matarka ta fi shiga da ƙarya: ka rubuta musu layi biyu cewa ka janye saboda dalilin kanka, ka karɓo takardar garanton Kawu, ka karkata neman zuwa ayyukan da ba a riƙe tsabar kuɗi. Ni dai da za ka bi tawa, gobe da sassafe kana tashar mota zuwa gidan man nan, kafin manaja ya shiga hidimar rana. Idan ka dawo daga wurin Kawu ka rubuto mini yadda kuka yi, in akwai buƙata mu tsara takardar kamfanin tare.